Lasifikar da Na Goge da Toka

Mijina mutum ne da ba a jin maganarsa. Ba wai ba ya magana ba, yana yi, sai dai in kina son ki ji abin da ya ce sai kin ajiye abin da ke hannunki, kin matso, kin kori kaji. Shekararmu goma sha huɗu tare a lokacin, a ɗaki biyu da ɗan tsakar gida a unguwar Sharafiyya, kuma rabin zaman nan "Na'am? Me ka ce, Malam?" ne. To wannan bawan Allah ne ya shigo mini gida wata ranar Lahadi da lasifika a ka.

Ni a Jidda aka haife ni, uwata ma haka. Ƙasar Hausa a bakin kakata na san ta. Shi kuwa zuwa ya yi yana saurayi, ta Sudan, wani wuri a ƙafa wani wuri a bayan mota, yana tsayawa yana tsintar auduga har ya ƙetaro ruwa. Ya yi hajji, ya samu keken ɗinki a wani lungu a Balad, tsohon garin Jidda, ya zauna. Ya baro uwa a ƙauye, kuma shi ne ɗanta na fari. Shekara ashirin da uku ke nan. Kowace shekara in alhazai za su koma sai ya ɗinka mata zane ya ba da saƙo, ya ce da ni baɗi in Allah ya yarda zai je da kansa. Baɗin nan na ji ta har na haddace.

A shekarar da nake ba da labari, bayan an sauko daga Arfa, wani tsoho ɗan ƙauyensu ya neme mu har gida. Ya sha fura, ya yi gyatsa, ya lissafa mana waɗanda suka mutu da waɗanda suka yi aure, sannan ya ce Inna, uwar Malam, ta ba shi saƙo. Ta ce a gaya wa mutumin Jidda kunne ya tafi, yanzu ba ta jin kiran salla. Masallaci ga shi nan bayan dangarta, amma sai ta riƙa tambayar yara, an kira? Wata rana yaran suka tafi wasa, ta zauna da alwalarta tana jiran la'asar har rana ta faɗi. Tsohon ya ce ranar ta yi kuka.

Malam bai ce komai ba, ko kuma ya ce ban ji ba. Kwana biyu yana ta sunkuyar da kai. A na uku ya tafi haraj, kasuwar da ake gwanjon tsofaffin kaya, ya dawo da abin nan.

Faɗin bakinta ya kai bahon wankina. Tana da akwatin ƙarfe da ake haɗawa da batirin mota, da abin da ake magana a ciki mai doguwar waya. Wanda ya sayar masa ya ce wani mai hayar kayan biki ne ya yi ta amfani da ita. An lafta mata farin fenti, lafta kan lafta, ya tsattsage, ƙudaje sun yi mata zane, akwai saƙar gizo-gizo a maƙogwaronta. Malam ya aro batir wurin wani direba, ya haɗa, ya kai abin bakinsa ya ce, "Assalamu alaikum." Wallahi akuyar maƙwabta sai da ta tsinke igiya. Ni kuwa na riƙe baki, don ranar na fara sanin ashe mijina yana da murya.

Ya ce zai kai ta da kansa. Zai ɗaure ta a kan masallacin, bakin ya fuskanci ɗakin Inna. Zai bi tsohon nan da ayarinsu, jirginsu na ruwa zai tashi zuwa Sudan nan da kwana shida. Shekara ashirin da uku uwa ba ta ɗaga shi daga kan keken ɗinki ba, ƙarfe ya ɗaga shi a kwana uku. Na ce alhamdu lillahi, ko ta wace hanya ce.

Daga nan ne nawa aikin ya shigo, kuma ba zan ɓoye ba.

A wurinmu tsarabar Makka ba ta tafiya da datti. Ko tasbaha ce ta kwabo sai an goge ta an naɗe. Balle ni, da dangin mijina ba su taɓa ganina ba. Ba su san tuwona ba, ba su san shara ta ba. Abin da za su gani na hannuna kaf a duniya shi ne lasifikar nan. Na hango matan gidansu sun kewaye ta suna taɓe baki, suna cewa ashe matar Jidda ƙazama ce, ta bar shi ya ɗauko abu da kashin ƙuda tun daga ƙasa mai tsarki. Ni? Ina raye?

Malam na fita na tuɓe mayafi na ɗaura zane a ƙirji. Na fara da sabulu, fentin ya yi mini dariya. Na koma toka da yashi da soson dabino. Na jiƙa da kananzir, na kankare da tsohuwar wuƙa. Kwana uku ina yi, tun safe har la'asar, yatsuna suka tsage, ban sayar da gyaɗa ko ta sisi ba. Farin nan ya yi ta zubowa, sai ga kore ya fito a ƙarƙashi, kore mai duhu, sumul. Na ce ikon Allah, launin masallaci ma ne da ita, wani marar hankali ya rufe. A gefen akwatin kuma na tarar da wani ɗan allo na tagulla an kafe shi da ƙusa huɗu, fenti ya binne shi. Na matse masa lemun tsami na murza da toka har ya fito yana ƙyalli, ga rubutun Nasara layi-layi, ga lambobi, kowane harfi na bi shi da tsinke na cire datti. Maƙwabta suka zo kallo. Wata ta ce wallahi kamar yau aka ƙera ta. Na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba, har gwaggona na aika aka kira ta gani.

Da muka zo ɗaure kaya na naɗe ta da tabarma, amma na bar ɗan allon nan a waje, don duk wanda ya gani a hanya ya san ba tarkace muka saya ba.

Ranar tafiya na raka shi bakin ruwa, don Larabcin Malam na tela ne, tsawo da faɗi da ranar karɓa, kuma ko shi ɗin ba a ji. Akwai wani ofishi da ake duba kayan masu fita. Alhazai sun yi layi da randunan zamzam da dardumai da agogunan bango, ana duba ana shafa alli ana wucewa. A gabanmu wani ya wuce da rediyo, wani da keken ɗinki. Da aka zo kanmu ma'aikacin, wani siriri mai tabarau, ya ɗaga allinsa zai shafa, sai ƙyallin tagullar nan ya haske masa ido. Ya sunkuya. Ya karanta. Ya mayar da allin aljihu.

Ya shiga ciki ya fito da wani littafi mai kauri kamar matashin kai. Ya ce, "Ya hajja, duk abin da zai fita yana da shafinsa a nan." Ya nuna mini shafin kayan kiɗa da na biki, ya ce da nan za ta shiga, a shafa alli, shi ke nan. Amma lambar da ke jikin allon nan ba ta nan. Ya lashi yatsa ya yi ta buɗawa har can ƙarshe, inda takardun suka canza launi. Ya ce wannan babin na kayan sauti ne na soja: abin da ake sauraron jirgin da ke tafiya a ƙarƙashin teku, abin da ake jin tahowar jirgin sama tun yana nesa, da abin da ake ba da umarni da shi a jirgin yaƙi. Ya dangwala yatsa a wani layi, ya dangwala a tagullata. Lamba ɗaya.

Na ce, "To sai me?"

Ya ce, "Mamnu'u, an hana. Ba ta fita sai ƙasar da ta ƙera ta ta ba da izini a rubuce."

Na ce ya dubi mijina da kyau. Malam na tsaye da butarsa da laima, yana murmushin nan nasa na wanda bai gane ba. Na ce wannan shi ne janar ɗin, can kuma a ƙauye akwai wata tsohuwa kurma da ba ta iya tashi sai da sanda, ita ce rundunar, da zarar kayan nan sun isa za su ci duniya da yaƙi. Ma'aikacin bai yi dariya ba. Na ce abin da aka yi shekaru ana kiran amarya da ango da shi a lungunan garin nan, aka jibge shi a haraj tsakanin karyayyen gado da murfin tukunya, yau shi ne sirrin soja? Ina littafin yake lokacin da ake gwanjonta? Ya ce haraj ba ta cikin littafinsa, shi fita kawai ya sani.

Sannan ya faɗi maganar da har yau ban manta ba. Ya shafa koren fentin nan da tafin hannu ya ce, "Wa ya gyara ta haka? Da da farin fenti ta zo irin na masu biki, wa zai kula?"

Malam ya juyo ya tambaye ni me ya ce. Na ce cewa ya yi tana da kyau.

Aka rubuta ta a rajista, aka ɗaura mata takarda a wuya, aka kai ta wani ɗaki aka kulle. Tsohon ƙauyensu ya riƙe hannun Malam ya ce ya zo su tafi, abin ya biyo baya. Malam ya girgiza kai. Shekara ashirin da uku, sannan ya shiga gidan uwarsa hannu biyu? An aiko masa da matsala, ya samo maganinta, sai ya bar maganin a ɗakin ajiya? Ya ce kwana biyu ne, zai bi jirgi na gaba. Muna tsaye jirgin ya yi kuka ya tafi.

Kwana biyu! Mun koma washegari aka ce bukra, wato gobe. Bukra ta zo aka tura mu tebur na biyu, wurin wani mai ƙiba da fanka a gabansa, wanda ya ce a ganinsa bakin lasifikar kayan masallaci ne, akwatin ne kawai na soja. Na ce to a ba mu bakin. Ya ce baki ba akwati mazurari ne, kuma in an raba su sun zama kaya biyu, kowanne da takardarsa. Tebur na uku ya ce duk ba haka ba, tunda lamba ɗaya ce a jiki, abu ɗaya ne, kuma wayar ma a ƙirga ta. Mutum uku, manya, masu albashi, suka yi mako suna gardama a kan ko waya soja ce. Malam ya ce in tambaye su ko za a ba shi ya mayar da farin fentin. Siririn nan ya zaro ido ya ce in gaya masa kada ya sake faɗin haka a ofis, ɓoye kayan soja laifi ne da ya fi fitar da su. Wato fentin da ya kwana shekaru a jikinta halal ne, amma in mu muka shafa ya zama haram.

A ƙarshe suka yarda a kan abu ɗaya, a rubuta wasiƙa zuwa ƙasar da ta ƙera ta, can ƙetaren teku, a tambaye su. Na tambaya yaushe amsa za ta zo. Mai fanka ya ɗaga hannu sama.

Jirgi na biyu ya tafi, na uku ya tafi. Malam ya rufe shago, kullum da safe sai ya sa farar riga ya tafi ya zauna a kan benci a ƙofar ofishin da laimarsa, har masu shara suka san shi, suna ce masa mai lasifika. Ni kuwa a gida ba na iya kallon toka. Ban gaya masa abin da ma'aikacin ya ce ba, amma mijina shiru ne da shi, ba wauta ba. Bai taɓa tambayata ba. Da ya zage ni ma da na fi samun sauƙi.

Yayana ɗan dako ne a bakin ruwa, shi ya zo mana da labarin cewa saura ayari ɗaya na alhazan da za su ƙetara Sudan su bi ta ƙasa, jirginsu ranar Asabar. Bayansu damina za ta sauka a can, hanya ta zama laka, motoci ba sa wucewa sai bayan watanni. Malam ya ce to in haka ne sai baɗi, kafin nan takarda ta fito.

Baɗi. Ina tsugune ina tankaɗe, na ji kalmar nan ta hau mini kai. Kuma a daidai lokacin, ban san daga ina ba, na tuna kakata. Har ta mutu ba ta taɓa kiran sunan babban kawuna ba, ɗanta na fari. In tana son ganinsa ba ta cewa a kira shi, sai ta ce rufin ɗakinta na yoyo, ko da rani ne.

Na ajiye rariya na ce, "Malam, tsaya in tambaye ka. Inna lasifika ta haifa?"

Ya dube ni.

Na ce, "Kai ɗan fari ne. So kake ta aiko tsoho ya tsaya a gaban mutane ya ce uwarka na kewarka, ka zo ta gan ka kafin ta mutu? Bakinta zai iya? Sunanka ma ba ta faɗa, mutumin Jidda take cewa! Ta ce ba ta ji, kai kuma ka ruga haraj. Ni ma da ya kamata in gane, na zauna ina goge ƙarfe don kada a ce mini ƙazama. Ni na tono lambar nan, da hannuna, kwana uku, ka sani na sani. To na ɓata maka wata guda, ba zan zauna ka ɓata shekara ba. Wallahi ranar Asabar ko ka shiga jirgin nan da ƙafarka ko in sa Yaya ya ɗauke ka a ka kamar buhu."

Ina faɗa ina kuka, majina da gari duk a fuskata. Maƙwabta sun ji, don ni ban taɓa bukatar batir ba.  Malam ya tashi ya ɗauko jakarsa daga kan ƙusa ya fara ninke riguna.

Ya tafi ranar Asabar da buta da laima da zane biyu.

Yana can amsar Nasara ta iso, bayan wata bakwai. Yayana ya karɓo ya kai aka karanta mana. Sun yi godiya da tambaya. Sun ce irin wannan na'ura an daɗe da cire ta daga jerin kayan soja, tsohuwa ce, duk mai so ya kai ta inda ya ga dama. Ashe littafin mai tabarau ne ya tsufa, sabon bai iso ba tukuna. Aka shafa mata alli aka ba mu. Yaya ya ɗauko ta a ka har gida, takardar na lilo a wuyanta, ya ce a ina zai ajiye. Na ce ya jefa ta bayan randa.

Malam ya dawo da alhazan shekara ta gaba, ya rame, ya yi baƙi. Bayan an watse da 'yan sannu da zuwa, da azahar, ya zauna a bakin tabarma ya ga lasifikar a bayan randa, kaza ta yi ƙwai a cikinta. Bai tambayi yadda aka yi ta fito ba.

Ya ce ya same ta da rai. Kunnen ya tafi gaba ɗaya, ko ganga aka buga a ɗakin ba ta juyawa, da ya kai lasifikar ma ba abin da za ta yi. Idon ma saura kaɗan. Da ya shiga ya durƙusa, ta shafa fuskarsa ta kau da kai, ta ce wa ƙanwarsa a ba baƙo ruwa. Da lokacin salla ya yi, ya rasa yadda zai gaya mata, sai ya kama hannunta ya ɗora a maƙogwaronsa, ya yi kiran salla a hankali, da muryar nan tasa. Ta ji motsin a yatsunta. Ta ce, "An kira." Ta jawo butarta. Daga ranar, sau biyar kullum, in lokaci ya matso sai ta miƙo hannu tana lalube.

Duk wannan ya faɗa mini ne kamar yadda ya saba, can ƙasa-ƙasa, kuma ban ce "na'am" ko sau ɗaya ba.

Na ce, "Kwana nawa kuka yi kafin ta rasu?"

Ya ce, "Goma sha ɗaya."

Kwana talatin da biyar ya yi a kan bencin nan. Na ƙirga tun daga jirgin farko har na Asabar, na sake ƙirgawa, ba ya canzawa. Malamai sun gaya mini kwanan kowa a rubuce yake, na kuma yarda, ba na jayayya da wannan. Amma kwanakin da zai yi a gefenta, da arba'in da shida ne, ni na kankare talatin da biyar da wuƙa da lemun tsami, ina jin daɗi, har ina aikawa a kira gwaggo. Shi bai taɓa faɗa ba har ya koma ga Allah. Ni ce nake faɗa.

Lasifikar ta bi mu gida uku. Masallacin unguwa sun nema na hana, 'ya'yana sun ce a kai haraj na ce su bar mini abina. Tana nan bayan ƙofa, tsatsa ta ci bakin, tagullar ta yi baƙi ƙirin, ba mai iya karanta ko harfi ɗaya. Surukata, yarinya mai tsabta, ta taɓa zuwa da soso da ruwan kumfa za ta yi mini gwaninta. Na riƙe hannunta na ce ta bar shi haka.